Idan ƙofar gilashi ta fara cijewa, ɗaga kai ka dubi linta

Ranar da na je gaida Yaya a Tumfure na tarar da kwalbar man gyaɗa a gindin ƙofar falo, da wani tsohon buroshin goge haƙora a kusa da ita. Ƙofar irin ta gilashin nan ce mai zugewa, wadda masu alminiyam ke ce wa silaidin, an sa ta wata huɗu da suka wuce lokacin bikin 'yarta. Na ce, "Yaya, wannan man fa?" Ta ce, "Kai dai bari, Auta. Ƙofar ce sai an yi kokawa da ita. Sau biyu mai alminiyam yana zuwa yana canza tayoyi, ta yi kwana uku ta koma gidan jiya. Shi ne nake ɗan shafa mata."

Ban taɓa tayar ba. Na ɗaga kai na ga tsaga siririya ta tashi daga kusurwar hagu tana hawa kamar matakala, wata kuma daga dama, suna neman haɗuwa a sama. Shekara ashirin da wani abu ina gini a Gombe, wannan zanen na san shi kamar yunwar cikina. Bango ne ke zama a kan ƙofa.

Linta ita ce kankaren da ake zubawa a saman ƙofa ko taga don ya ɗauki nauyin bangon sama. Asalin wurin taga ce mai faɗin ƙafa 4. Da aka tashi gyaran gida sai aka fasa bulo hagu da dama har ya kai ƙafa 8, aka sauke shi zuwa ƙasa, aka ɗaura ƙofa. Wanda ya yi aikin ya ce wa Alhaji, mijin Yaya, ai lintar gidan mai zagaye ce, ba abin da zai same ta. Gaskiya ne mai zagaye ce. Amma an zuba ta ne da sanin cewa bulo na tallafe da ita ko'ina, ban da 'yan gurabun taga da ƙofa. Zurfinta inci 6, rodi biyu 'yan 10mm, ba ringi, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure rodin, ko ɗaya. Mutane na ɗauka idan aka ninka faɗin ƙofa, wahalar linta ma ninki biyu ce. Ba haka lissafin yake ba. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa ta ninki huɗu yake zama, lotsawar da za ta yi a tsakiya kuma tana iya kai ninki 16. Shi ya sa abin da ya zauna lafiya shekara goma a kan taga yake kasa yin wata huɗu a kan ƙofa.

Kafin ka kira kowa, ga gwajin da kai mai gida za ka yi da kanka. Ɗauki tef ka auna tsawon ƙofar daga daɓe zuwa ƙasan firam na sama a wuri uku: hagu, tsakiya, dama. Ko ka ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa ka leƙa. A gidan Yaya tsakiya ta sauka da kusan rabin inci. Sai ka gwada ɗaga ganyen ƙofar sama kamar za ka cire shi. Irin wannan ƙofa a kan tayoyin ƙasa take tafiya, layin sama riƙe ta kawai yake yi kada ta faɗo, don haka dole akwai 'yar rata a sama. In ganyen yana ɗaguwa a gefe amma a tsakiya ya ƙi, to an danne shi ne. Kuma kada ka ruɗe da tsagar tushe. Wasu unguwanninmu ƙasarsu laka ce, ta kumbura da damina ta tsuke da rani, tsagarta daga ƙasa take tasowa ta ratsa bango, ta buɗe ta rufe da yanayi. Ta linta a saman ƙofa take tsayawa, sau da yawa za ka ga wata a cikin lintar kanta, a tsakiya, ta fi faɗi ta ƙasa. In kana shakka, ja layin fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan mako biyu.

Abu na gaba shi ne sanin me ke zaune a kan wurin. Na sa yarona ya buɗe ƙofar silin ya shiga da tocila. Bulo layi uku ne a kan linta, sai katakon da rufi ke zama a kai, kuma ƙafafun rufin guda biyu sun sauka daidai saman ƙofar. Daga waje ga farafet, wato gajeren bangon da ke kewaye rufi, na bulo da hular kankare. A wasu gidajen za ka tarar har tankin ruwa an ɗora a can, alhali lita 1,000 na ruwa tan guda ne cur. Idan kuwa gidan bene ne, ko rufin kankare ne a sama, to ka ajiye wannan rubutu ka nemo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zo da ƙafarsa. Ni ma a wannan aikin, duk da gidan ƙasa ne, sai da na kira wani injiniya da muka saba aiki tare ya duba, shi ya ba ni adadin rodi. Kuɗin zuwansa bai kai na ganyen gilashi ɗaya ba.

Mun fara da kashe wutar ɓangaren gaba ɗaya, don masu waya suna son bi ta saman linta da fayif ɗinsu, kuma mun same shi a can. Sannan muka cire gilashi kafin a buga guduma ko sau ɗaya. Ganyen da ya cije, akwai ɗan sukuru a ƙasansa ta gefe wanda ke ɗaga taya ko sauke ta. Ka juya shi tayar ta shige ciki, ganyen zai sauka kaɗan, sai ya samu hanyar fita. Kada a sa ƙarfe a ɓanɓare shi. Aka kwance firam aka kai ɗakin yara, nan take muka kafa tokara biyu a ƙarƙashin tsohuwar linta, domin tun da daɗewa firam ɗin nan na alminiyam ne ke taya ta ɗaukar kaya.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne ake samun rauni in an yi gaggawa: riƙe bangon sama kafin a cire abin da ke ƙarƙashinsa. Hanya biyu ce. In bulo layi biyu ko uku ne kawai sai rufin kwano, ba farafet, mafi sauƙi ka tokare katakan rufin daga cikin ɗaki, ka sauke bulon duka da hannu, ka zuba linta a sarari, ka mayar da bulo. Ya fi arha, ya fi kwanciyar hankali. A gidan Yaya farafet ya hana, don haka muka yi wa bangon allura. Ana huda bango a saman inda sabuwar linta za ta tsaya, a zura katako mai kauri ya fito ciki da waje, a tokare kowane kai da ƙafa. Mun yi huda uku, tsakaninsu bai kai ƙafa 3 ba. Katako tubaisikis, wato mai inci 2 da 6, guda biyu muka haɗa da ƙusa a kowace huda, a tsaye a kan kaifinsa, ba a kwance ba. A samansa muka sa guntun falanki, saboda bulonmu mai rami ne, in ya zauna a kan siririn abu sai ya fashe. Hudar da giranda aka yanka, aka ƙarasa da cizal a hankali. Babbar guduma tana girgiza bulon da kake son ya zauna lafiya.

Tokarar ƙarfe mai zare ta fi, ana samun haya. In babu, katako mai kauri madaidaici, wanda ba shi da gaɓa ko tsaga. Na je kasuwar katako da kaina na zaɓa, ban aiki yaro ba. Kowace ƙafa ta tsaya a kan falanki mai kauri, kamar ƙafa 2 daga bango don a samu wurin aiki, a daidaita ta da fulam, wato ma'aunin miƙewa, a matse da ƴan guntayen katako masu tsini biyu suna fuskantar juna, a kuma ɗaure ƙafafun da juna da katako a gicciye don kada wani ya yi karo da ɗaya ta zame. Ta waje a duba abin da ke ƙasa. Na taɓa ganin an kafa tokara a kan murfin sokawe. Matsewar kuma daidai wadda tokara za ta karɓi nauyi ce, ba wai a ɗaga bangon ya koma inda yake da ba. Wani lebura ya kawo shawarar jak ɗin mota, na ce a'a. Bangon da ya sauka rabin inci cikin wata huɗu, in ka mayar da shi cikin minti ɗaya, silin POP ɗin falo ne zai fara biyan kuɗin. Ƙafafun rufin nan biyu su ma muka ba su tasu tokarar daban, ta ramuka biyu da muka yanka a silin. Yaya ta tsaya tana kallon ramukan ba ta ce komai ba, na san dai an rubuta min.

Sai da komai ya tsaya muka sauke layin bulo na farko, sannan muka farfasa tsohuwar linta guntu-guntu, daga tsakiya zuwa gefe. Abin da muka gani ya sa Alhaji ya cire hula ya riƙe. Mahaɗar rodin ta faɗo daidai cikin faɗin ƙofar, kai da kai suka ɗan hau juna da bai fi tsawon yatsa ba, a da bulo ne a ƙarƙashin wurin shi ya rufa asiri. A gefen dama kuma, inda aka fasa da guduma, an cusa takardar buhun siminti a ramin bulo aka shafe da filasta. Ya ce, "Malam, ashe a ƙarƙashin wannan muke shan shayi." Na ce, "Allah ne ya tsare, Alhaji."

Tsohon rodin kada a yanke shi daf da bango. A fasa kankaren a bar kamar ƙafa 2 na rodi ya leƙo ta kowane gefe, a ɗaure shi cikin sabon, don zagayen lintar gidan ya ci gaba da zama ɗamara ɗaya.

Mazaunin linta, wato inda kanta zai hau bango hagu da dama, shi ne abin da aka fi rainawa. Duk nauyin da ta ɗauko a nan take sauke shi. Ƙasa da inci 9 ba na yarda, a wannan mun ba ta inci 12 kowane gefe, tsawonta ya zama ƙafa 10. Bulon da ke ƙarƙashin mazaunin muka cika ramukansa da kankare layi uku zuwa ƙasa. Ka gwada bulon da ƙusa. In yana zubewa kamar garin kwaki, cikawa ba za ta yi ba, sai an sauke shi an tayar da fila mai rodi huɗu tun daga tushe. Na dama a gidan Yaya sai da muka sake layi biyu da sabon bulo.

Zurfi kuma, abin da muka gada a bakin aiki shi ne inci ɗaya ga kowace ƙafa ta faɗin ƙofa, kuma ni ina ƙarawa. Injiniya ya ce kada ta gaza inci 12. Gurbin tsohuwar linta da layin bulon da muka cire ya ba mu wajen inci 16, sai muka zuba 15 muka bar ɗaya, zan faɗi dalili. Ƙarfin linta a zurfinta yake. Gwada da falanki: kwantar da shi ka taka zai lanƙwashe, tsayar da shi a kan kaifinsa ka ga ko zai motsa. Kakanninmu da ke jera azara a kan ƙofar soro sun san iyakar tsawon da icen giginya ke ɗauka, ba sa wuce shi.

Rodin da aka rubuta mana: 12mm guda uku a ƙasa, biyu a sama, ringi na 8mm kowane inci 6 kusa da gefuna, inci 8 a tsakiya. Wannan na gidan Yaya ne da nauyin da ke kansa, kada wani ya kwafa ya kai gidan bene. Dalilin da na ƙasa suka fi yawa shi ne, idan linta ta lotsa, cikinta na ƙasa ne ke miƙewa, kankare kuwa yana jure danniya amma ba ya jure ja, rodi ne ke riƙe shi. Saboda haka rodin ƙasa ya zama guda ne daga wannan kai zuwa wancan, ba haɗi, a lanƙwasa ƙarshensa sama. Rodi ɗaya mita 12 ne, biyu sun ishi aikin har da saura. A kasuwa akwai wanda ake kira 12 amma bai cika ba, ka sa a auna maka a gabanka. A ƙarƙashin kejin rodin da aka ɗaure a sa biskit, ƴan guntayen siminti masu kaurin inci ɗaya, don kankare ya lulluɓe ƙarfen. Rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili, ya yi tsatsa, ya kumbura ya fasa kankaren da kansa.

Kafinta ya buga akwatin katakon da za a zuba kankare a ciki. Abu biyu na tsaya a kansa: ƙasan akwatin ya fi tsawon firam ɗin ƙofa da rabin inci bayan an cire kaurin filasta, kuma tsakiyarsa ta ɗan ɗaga da kwatan inci, da tokara uku a ƙarƙashi. Tunda akwai bango a sama ba a iya zubawa kai tsaye, sai aka yi wa gefen waje baki mai buɗewa kamar mazurari.

Kwaɓin kankare: buhun siminti ɗaya, yashi kwanon sarki huɗu, tsakuwa takwas. Buhu ɗaya mai kilo 50 kwano biyu ne, ka ga ya zama 1:2:4 ke nan. Ko na Ashaka ne da ake yi nan Funakaye, ko Dangote, ko BUA, ba ni da zaɓi, in dai sabo ne bai yi ƙulalai ba, kuma na fi son wanda aka rubuta 42.5, lambar ƙarfinsa, a jikinsa. Yashi mai kaifi wanda ba laka, ka damƙa a hannu ka saki, in ya bar maka jan shafi a tafi ka mayar. Tsakuwa fasasshiya ƙanana, wadda za ta ratsa tsakanin rodi. Faɗana da lebura kullum a kan ruwa ne. Suna son ya yi ruwa-ruwa kamar kunu don ya yi saurin zuba, alhali ruwan da ya wuce kima shi ke kashe ƙarfin kankare. Ya yi kamar tuwon da bai gama ɗaurewa ba, ya zauna a kan cokali. A zuba kaɗan-kaɗan, ana soka guntun rodi, wani yana bubbuga jikin akwati da guduma har ruwan siminti ya fara tsattsafowa ta haɗin katako. A gama a zama ɗaya, ba tafiya cin abinci a tsakiya. Buhu uku suka yi mana lintar da cikon ramuka.

Incin nan ɗaya da muka bari, ga amfaninsa. Kankare yana ɗan zama yana tsukewa idan yana bushewa, ko ka cika shi har ya taɓa bulo, gobe za ka tarar da 'yar rata. In aka cire tokara a haka, bango zai sauka ya cike ratar, tsaga ta dawo. Don haka bayan mako guda muka kwaɓa siminti ɗaya yashi uku da ruwa ɗan kaɗan, wanda in ka dunƙula zai tsaya amma ba zai jiƙa maka hannu ba, muka riƙa cusa shi a ratar muna dannawa da guntun katako da guduma, ciki da waje, har ya daina shiga. Bulo biyu da suka saki tsakanin allurai muka cire muka sake ɗora su.

Sauran aikin jira ne, kuma shi ya fi wuya a gidan da ke da baƙi. Katakon gefe ana iya cirewa bayan kwana biyu. Daga nan sai ban ruwa safe, rana da yamma, aƙalla kwana 7. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan yake sha ya ƙulla jikinsa. A zafin Gombe na watan Maris, ko iskar hunturu, kankaren da aka bari tsirara kafin la'asar ya bushe ƙayau. Buhun algarara muka jiƙa muka naɗe shi, na ɗora wa ƙaramin ɗan Yaya aikin da buta, ina ba shi na alewa. Ko ruwan famfo na Dadin Kowa bai zo ba, a sayi na 'yan kura, jarka biyu a rana ba za ta talauta kowa ba. A kwana 7 kankare ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai kwana 28. Tokarar ƙasan linta kada a taɓa ta kafin kwana 14. Mu 21 muka yi, sannan muka sassauta allurai ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiya da farko, ina tsaye da tef ina aunawa. Ba ta motsa ba. Aka toshe hudojin da kankare, aka buɗe tsofaffin tsagogi da cizal aka cika, aka yi filasta.

A kwana na goma Yaya ta kira ni. Faifan kwano biyu da labule ne a madadin ƙofa, ƙura na shiga, ga azumi ya ƙarato. "Auta, wai sai yaushe? Wancan kwana biyu ya yi ya gama." Na ce, "Shi ya sa muke nan, Yaya." Ta kashe wayar. Da daddare ta aiko min da dambu.

Ranar mayar da ƙofa na tsaya a kan mai alminiyam. Firam ɗin sama ya ɗan lanƙwashe, sai da aka sake wannan sandar. Na ce masa sukurorin sama su riƙe firam kada ya yi gaba ko baya kawai, kada ya ɗaure har ya ja shi ya manne da linta. Ratar rabin incin nan kuma ba a cika ta da siminti, silikon ake bi da shi ciki da waje, don ko linta ta ɗan motsa nan gaba, abu mai laushi za ta tarar. Ya ce shi dai bai saba barin rata haka ba, masu gida na cewa aikin bai yi kyau ba. Na ce wannan mai gidan ya riga ya ga takardar buhu a cikin bangonsa, ba zai yi musu ba.

Ya ɗaga ganyen farko ya shige layin sama ba gardama, ya sauke shi a kan taya, ya daidaita sukuru. Yaron ban ruwa ne ya fara turawa, da yatsa ɗaya, ƙofar ta tafi har ta bugi ƙarshe, uwarsa ta daka masa tsawa. Na rubuta awon tsakiya da fensir a jikin bango ta bayan labule, da kwanan wata, na ce wa Alhaji bayan damina ya sake aunawa ya kira ni. Sannan muka koma kan ramukan silin guda biyu, waɗanda Yaya ta ce ba ta san zancen biyan kuɗinsu ba.